Esin mota ya daina sanyi: a ƙara gas, a sa ɗan Beljiyam, ko a sayi sabo?

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kasuwar masu gyaran esi ke buɗewa, kuma a lokacin ne aka fi cacar baki a bakin gareji. Rigimar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Mai mota ya biya, sanyi ya zo, bayan sati biyu ya ɗauke. Ya koma yana huci: "Malam, kuɗi na ba ka don in sami sanyi, ina sanyin?" Mai gyara ya goge hannu ya ce: "Alhaji, ai abin da na gyara daban, wanda ya lalace yanzu daban." Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Shi mai mota sanyi ya saya a ransa, shi kuma mai gyara aikin ranar ya sayar, kuma ba wanda ya tsaya ya fayyace wannan kafin a kwance ƙusa ta farko.

Kafin a shiga zaɓi, ya kamata a san abin da ke ƙarƙashin bonet. Kwamfuresa ke matsa gas, injin mota ke juya shi da fambel. Gas ɗin ya yi zafi, ya wuce kwandensa, wato wannan mai kama da lagireto da ke gabansa, inda iska da fanka ke huce shi ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya ratsa wani matsattsen bawul, ya faɗa ibafureta da ke ɓoye cikin dashbod. A nan yake komawa gas yana zuƙe zafin cikin mota. Tare da gas ɗin akwai man kwamfuresa da ke zagayawa, kuma wannan man shi ne tushen yawancin asarar da za a yi magana a kanta.

Ƙarin gas ko neman inda yake yoyo

Firjin gida yakan shekara goma ba a ƙara masa gas ba, domin gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Na mota ya ɗan bambanta, saboda yana da tiyo na roba da mahaɗai da girgizar hanya, don haka yakan rage kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Motar da ta yi shekara huɗu ko biyar ba a taɓa esinta ba, sanyin ya ja baya a hankali, ƙarin gas ya dace da ita, kuma shi ne mafi araha. Amma motar da aka cika wa gas a watan jiya, yau babu sanyi, rami gare ta. Duk gas ɗin da aka ƙara zai bi hanyar da na farko ya bi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, asarar ba ta tsaya a kuɗin gas ba. Idan gas ya yi ƙasa, man ba ya dawowa kwamfuresa yadda ya kamata, wani ma ya fice ta ramin. Wanda ya yi ta ƙarin gas sau uku, sau huɗu, yana murna ya tsira da kuɗinsa, yana gasa kwamfuresansa ne a hankali. Ranar da ya ƙone, kuɗin gyaran zai ninka na neman ramin sau da yawa.

Neman ramin yana da nasa kuɗin, kuma a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk harkar. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara da ido. Dubi kwandensa da kyau: inda ka ga wani baƙin tabo mai maiƙo, ƙurar hunturu ta manne a kai ta yi kauri fiye da sauran wurin, to a nan mai ya fito, gas ma ta nan ya bi. Haka za a duba bakin tiyo, da gaban kwamfuresa, da ƙananan bawul biyu da ake ɗura gas ta cikinsu, waɗanda su kansu sukan yi yoyo, kuma canza su ba ya cin kuɗin kirki. Idan ido bai gano ba, sai a cika layin da iskar naitirojin, a bi mahaɗai da ruwan sabulu ana neman kumfa, a bar geji, wato ma'aunin matsin gas, a maƙale a ga ko allurar za ta sauka. Wasu suna zuba wani rini mai ƙyalli da ake haskawa da fitila ta musamman bayan kwana biyu. In an duba waje kaf babu komai kuma allura na sauka, sai zargi ya koma kan ibafureta, wanda a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya, har da sitiyari, kafin a kai gare shi. Aikin yini guda ne ko fiye. Wanda ya ce maka ibafureta ne alhali bai gwada komai ba, canka yake yi da kuɗinka.

Masu Sienna da bas mai esin baya suna da ƙarin wurin dubawa. Bututun da ke kai gas baya suna bi ta ƙarƙashin mota, inda duwatsu da tsatsa ke samunsu, musamman motocin da suka fito daga yankunan Amurka da Kanada da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A nan akwai zaɓi na gaskiya: a gyara bututun, ko a toshe layin baya a bar na gaba kaɗai. Toshewa ta fi araha kuma tana aiki, sai dai 'yan kujerar ƙarshe za su ji a jikinsu, kuma dole a rage yawan gas da mai daidai da abin da ya saura.

Sannan ba kowace rashin sanyi ce matsalar gas ba. Motar da ke sanyi a kan babbar hanya amma ta hura zafi a cunkoso, a fara duba fanka da dattin kwandensa. Idan iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, a zaro matatar iska da ke bayan aljihun dashbod a Corolla da Camry, a ga irin ƙasar da ta tara. Kwamfuresan da ba ya kamawa sam, yana iya zama fiyus ne ko rile ko waya. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne, kuma duk an sha sayar wa mutane kwamfuresa a kansu.

Idan aka ce kwamfuresa ne

A nan babban kuɗi yake, don haka a nan za a daɗe. Tambayar farko ba "nawa ne" ba ce. Tambayar ita ce, me ya lalace a jikinsa? Kuloci da boris ɗin fuli da kwayil duk a waje suke, ana canza su su kaɗai, a wasu motocin ma ba tare da an zubar da gas ba. Motoci da yawa na baya-bayan nan, ciki har da Camry daga 2007, suna da kwamfuresa mai wani ƙaramin bawul na lantarki da ke daidaita ƙarfinsa. Idan bawul ɗin ya maƙale, kwamfuresa zai yi ta juyawa ba sanyi, kamar ya mutu, alhali lafiyarsa lau. Canza bawul ɗin kaɗai yakan warware matsalar.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, kuma mai mota na iya tsayawa a yi a gabansa. A cire kwamfuresa, a tsiyaye mansa a kan farin ƙyalle ko farar takarda. Man da ya fito garau, ko ya ɗan yi rawaya, alama ce cikin layin na da tsabta. Idan ya fito baƙi ko ruwan toka, kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki in ka karkata shi ga rana, to kwamfuresa ya niƙe daga ciki, kuma garin ya riga ya bazu cikin layin. Honda CR-V na farkon shekarun 2000 ta yi ƙaurin suna da wannan matsalar. A irin wannan halin, sa wani kwamfuresa kaɗai, komai kyansa, zubar da kuɗi ne. Garin da ya saura zai dawo ya cinye shi. Dole a wanke tiyo da ibafureta, a canza diraya da bawul ɗin matsi, kuma a canza kwandensa, domin na motocin zamani ramukansu ƙanana ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale ciki. Kamfanonin da ke ƙera kwamfuresa da kansu sukan gindaya wannan a matsayin sharaɗin garanti.

Yawancin rigimar "na sa kwamfuresa, wata ɗaya ya ƙone" daga nan take tasowa. Wani lokaci mai gyara ne bai faɗa ba, don kada jimillar ta kori kwastoma. Wani lokaci kuwa ya faɗa, mai mota ya ce, "Kai dai sa kwamfuresan kawai, sauran sai an sami hali." Idan ya ƙone, kowa ya manta abin da aka ce.

To, wanne za a saya? Ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje, shi ne abin da yawancinmu ke sa wa, daga Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, Apo a Abuja, ko a aiko daga Ladipo a Legas. Ƙarfinsa shi ne asali ne, na kamfanin Denso ko Sanden da aka ƙera don irin motar, kuma ya zauna daidai ba ƙwaskwarima. Rauninsa shi ne ba ka san tarihinsa ba. Ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san watannin da ya yi a ajiye baki buɗe yana shan danshi ba, ga shi man da ake amfani da shi a esin mota mai saurin zuƙar ruwa ne daga iska. Akwai kuma wanda bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, an ciro shi ne daga wata mota a cikin gari, aka wanke da fetur aka jera cikin 'yan Beljiyam. Abin da za ka iya yi shi ne ka duba ko bakunansa a toshe suke, ka juya shi da hannu ka ji ba ya cijewa, ka tsiyaye mansa a gaban mai shago. Garantinsa yawanci kwanaki ne, kuma musanya ake yi, ba a mayar da kuɗi. Ka tuna cewa in aka musanya, gas da mai da ladan aiki na biyu suna nan suna jiran wanda zai biya.

Sabo na asali ya fi kowanne kwanciyar hankali, amma tun da Naira ta faɗi bayan sakinta a 2023, farashinsa ya wuce aljihun mutane da dama, kuma kwali mai sunan Denso ba shi ne shaidar Denso na ciki ba. Ya dace da motar da ba ta tsufa ba, wadda kake da niyyar riƙewa shekaru, da sharaɗin ka same shi daga dillalin da zai ba ka rasit da garanti a rubuce. Sa sabon kwamfuresa na asali a tsohuwar Golf da tiyonta duk sun bushe, ni ban ga hikimarsa ba.

Sabo ɗan Chana kuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai kyau, akwai wanda bazara ɗaya ba zai ƙetare ba, kuma daga waje kusan duk ɗaya suke. Ribarsa ita ce cikinsa da tsabta kuma ba wanda ya taɓa gajiyar da shi. Idan mai gyaranka ya ce ya sha sa wani tambari kuma ya yarda ya tsaya masa na watanni, ana iya gwadawa. In bai yarda ya tsaya masa ba, ya riga ya gaya maka ra'ayinsa a kan kayan.

Ga motar gida mai shekara goma zuwa sha biyar, na fi karkata ga ɗan Beljiyam mai tsabtar mai, a haɗa shi da sabuwar diraya. Ga kwandensa kuwa akasin haka nake gani. Sabo ya fi, ko da ba na asali ba ne, domin tsohon kwandensa na iya zuwa da garin wani kwamfuresan da ya mutu a wata ƙasa. Waldar kwandensa ko ibafureta takan riƙe idan dutse ne ya huda wuri ɗaya. Idan tsufa ne ya ci alminiyam ɗin, ka liƙe nan ya ɓulle can, kuma a ibafureta wannan na nufin a sake sauke dashbod.

Gas ɗin da kansa

Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet ko kusa da lagireto da ke faɗin irin gas da nauyinsa. Ƙananan motoci yawanci suna cin wajen giram 450 zuwa 600. Wannan adadin da sikeli ake auna shi. Mai ɗura gas yana taɓa bututu da tafin hannu yana cewa "ya kusa" yana iya dacewa, yana iya zarcewa, kuma gas da ya yi yawa yana rage sanyi, yana ɗora wa kwamfuresa nauyi. Haka nan, duk layin da aka buɗe sai an zuƙe iska da danshin cikinsa da injin zuƙa, kamar na rabin awa, kafin a ɗura. Wanda ya ce zai kori iskar da gas kawai, ya bar maka danshin da zai daskare a bawul: sanyi ya zo, ya ɗauke, ka kashe na ɗan lokaci ya dawo.

Tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 R12 suke amfani da shi, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Daga nan R134a ya karɓa, kuma shi ne a mafi yawan motocin da ke titunanmu. Amma daga Janairun 2017 Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, Amurka ma ta bi sahu daga baya, don haka motocin baya-bayan nan da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas suna zuwa da wani gas mai suna R1234yf, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Da yawa a nan sukan zuƙe shi su koma R134a. Motar za ta yi sanyi, amma a zuƙe na farkon tas, kada a gauraya, kuma a rubuta a manna don mai gyara na gaba ya sani. Masu mota mai haɗa fetur da lantarki irin Prius su yi hattara da man kwamfuresa, domin kwamfuresansu na lantarki ne, man da ake sa wa sauran motoci na iya lalata shi.

Gas na jabu kuma gaskiya ne. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasu, kuma bincike ya danganta abin da R134a na jabu da aka gauraya da wani sinadari mai suna R40, wanda ke cin alminiyam. Gas da ya yi araha fiye da kima abin tambaya ne. Haka ma gas ɗin firji ko na esin ɗaki, ba na mota ba ne.

Wa zai sayo kayan, kuma me aka yi jinga a kai

Idan kai ka sayo kwamfuresa, ka san farashin gaskiya, ba wanda ya ɗora maka. Amma ranar da ya lalace, mai gyara zai ce kayanka ne ba su da kyau, mai shago ya ce mai gyaranka ne bai iya ba, kai kuma ka tsaya a tsakiya. Idan mai gyara ya sayo, kusan tabbas ya ci wani abu a kai, sai dai wuya ɗaya za ka kama. Na fi son hanya ta biyu, muddin ya faɗi tsawon garantin da bakinsa, kuma garantin ya haɗa da gas da aiki. Tsaka-tsakin shi ne ku tafi kasuwa tare, shi ya zaɓa, kai ka biya, rasit ya zauna a hannunka.

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba abin da ke rikita mu a gareji. Akwai ijara, inda ake biyan mutum ladan aikin da ya yi. Akwai ju'ala, inda ba ya cin komai sai an sami abin da aka nema. "Canza mini kwandensa" magana ce irin ta farko. "Ka sa motar nan ta yi sanyi, ga kaza" irin ta biyu ce. Mai gyara mai hankali ba zai karɓi ta biyu ba sai ya gama bincike, don haka a raba cinikin gida biyu: kuɗin bincike daban, a biya ko da ba a yi gyaran a wurinsa ba, sannan kuɗin gyara bayan an san cutar. A tura jerin kayan da farashinsu ta WhatsApp, ko da saƙon murya ne. Idan ka ƙi canza wani abu da ya ba da shawara, wannan ma ya shiga saƙon. A ce masa kada ya ƙara komai sai ya kira. Tsofaffin kayan da aka cire kuma naka ne, a zuba maka su a but.

Babban gareji mai injin da ke zuƙe gas ya auna ya mayar, da rasit mai tambari, ya fi tsada, amma ya fi dacewa da sabuwar mota, da mai R1234yf, da mai lantarki. Bakanike na gefen titi da ya shekara ashirin a kan Toyota da Honda yana iya fin su ganewa, kuma kuɗinsa da sauƙi. Abin dubawa a wurinsa kayan aiki ne: geji, injin zuƙa, sikeli, tukunyar naitirojin. In babu injin zuƙa, kada ka bari ya buɗe layin.

Idan duk da haka aka saɓa, ofishin 'yan sanda ba shi ne matakin farko ba, domin saɓanin ciniki ba laifi ba ne sai in akwai zamba ko sata, kamar a musanya maka kayanka masu kyau. A fara da maigidan garejin, sannan shugaban kanikawan wurin ko reshen ƙungiyarsu ta NATA, waɗanda sukan kira wani gwani ya duba aikin ya faɗi inda kuskuren yake. A Kano mutane kan kai irin wannan gaban Hisba don sulhu, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotunan ƙananan ƙararraki da ba sai da lauya ba. Idan da kamfani ne mai rajista, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. A mazhabar Malikiyya, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kai a bayan idon mai shi, don haka dashbod da ya fashe wajen saukewa ko wayar da yaron gareji ya tsinke, akwai hujjar neman a biya su. Duk inda za ka, ka riƙe rasit, da saƙonnin da kuka yi, da tsohon kwamfuresan, kuma kada ka bari wani mai gyaran ya sake kwance layin kafin wanda zai raba gardamar ya gani.